Amawalin Agali

A zamanin da, a wani birni mai marina da kasuwar gishiri, an yi wani sarki da ƙara ta gundure shi. Marina suka ce Buzayen unguwar arewa sun raina su, ko a kori Buzayen ko su marina su rufe karofinsu na rini. Abin haushi, duk ran da aka tara su a fada sai kowa ya ce lafiya lau, babu komai. Shekara arba'in ana wannan munafunci! Sarki ya gaji, ya ba Agali, dattijon Buzaye, kwana bakwai ya kwashe mutanensa.

Waziri Barau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya roƙi yini guda. Ya zaunar da Agali da Gwadabe Sarkin Marina a gaban sarki, ya ce yau wanda ya furta "babu komai" shi zai bar gari.

Sarki har ya fara tsaki. Can Gwadabe ya fashe:

"Ranka ya daɗe, da mun matso kusa sai su ja amawali su rufe hanci. Warin baban rini muke yi musu. Kuma rawanin nan ni na rina shi."

Agali ya dube shi kamar ya ga mahaukaci. Ya ce a wurinsu mutum ba ya barin bakinsa a buɗe gaban wanda yake jin nauyinsa. Surukinsa yake ja wa amawali haka, da sarki, da Gwadabe.

Ku ji fa. Girmamawa aka yi wa mutum, ya ƙulle ta a ciki har ya yi furfura, don dai kada ya tambaya.

Gwadabe ya fara dariyar kunya, Agali ya ce bai gama ba.

"Kakana a maƙabartarku yake kwance. Har gobe baƙo kake kirana."

Wannan kam ba ta da fassara mai daɗi. Gwadabe ya sunkuyar da kai, ya ce gaskiya ne, ya faɗa, 'ya'yansa ma a bakinsa suka koya.

Sarki ya janye umarninsa, ya ba Agali wurin zama a majalisa kusa da Gwadabe, ya hana kiran haifaffen gari baƙo. A ƙofar fada Gwadabe ya ce bakinsa zai daɗe bai saba ba.

"To yi sauri," in ji Agali. "Na tsufa."