Tsatsar Da Mai Fenti Ya Rufe

Akwai wani mai fenti da abokan aikinsa suke kira Ƙyalli, kuma sunan ya bi shi. Bango komai muninsa, idan ya ɗora masa burushi sai ka rantse jiya aka gina shi. Matsalarsa ɗaya ce: ya yarda da fenti fiye da kima. Tsagewar bango, danshi, ruɓewar katako, duk a wurinsa maganinsu gwangwani ɗaya ne.

Da Allah Ya hore masa ya gina gidansa, sai ya ɗora tankin ruwa a kan wani dogon ƙarfe mai ƙafa huɗu, a bayan kicin. A ƙarƙashin tankin akwai inuwa mai sanyi, kuma nan ne mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta mayar wurin zamanta. Kullum da hantsi matar Ƙyalli takan riƙo ta a hankali ta zaunar da ita a kujerarta, ta ajiye mata rediyo a gefe. Gwiwoyin Inna sun daɗe da gajiya. Idan ta zauna, ba ta iya tashi sai an kama ta.

To, bututun tankin yana ɗiga. Ɗigon ba shi da yawa, amma kullum a ƙafa ɗaya yake gangarowa. A kwana a tashi, gindin ƙafar ya yi ja da tsatsa.

Matar ce ta fara gani. Ta ce, "Baban yara, ƙafar tankin nan ba ta yi mini ba. Na taɓa wurin da yatsa, ƙarfen yana marmashewa. A kira mai walda ya duba."

Ƙyalli ya yi dariya. "Ke da kika san tukunya, yau kuma ƙarfe kike koya mini? Tsatsa ce kawai. Ai ni ne maganinta."

Ya ɗauko burushi ya shafe wurin da shuɗin fenti. Da tsatsar ta sake ɓullowa, ya sake shafewa, ya ƙara wani a kai.

Ita dai ba ta daina magana ba. Ta ce a mayar da kujerar Inna baranda, Inna ta ce baranda zafi, ba inda za ta. Da ta ga mijin ya yi kunnen uwar shegu, sai ta ɓullo da dabararta. Duk ranar da ta kunna injin tura ruwa, takan kashe shi tun tankin yana rabi, don kada nauyi ya yi wa ƙafar yawa. Kuma duk wata takan ware ɗan wani abu daga kuɗin cefane ta ɓoye, da niyyar in ya taru ta kira mai walda da kanta.

Ana nan sai wani babban ɗan kwangila ya aiko cewa yana neman wanda zai yi masa fentin sababbin gidaje, amma yana so ya ga gidan mai fentin tukuna. Ƙyalli ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya je wurin matarsa ya ce ta ba shi ajiyar da ya san tana yi.

Ta ce, "Wannan na gyaran tanki ne."

Ya ce, "In aikin nan ya faɗo, sabon tanki zan saya miki har da na ajiya. Kawo."

Ta ba shi, ranta bai so ba. Kuɗin walda suka koma fenti. Ƙofar gida, katanga, tagogi, har ƙafafun tankin, duk suka sha sabon shafi, gida ya fito kamar amarya.

Ranar da baƙon zai zo, Ƙyalli ya buɗe famfon wanke hannu ya ga ruwa yana zuwa a sanyaye. Ya ƙwanƙwasa bututu, ya ɗaga kai ya dubi tankin, ya hango inuwar ruwan a rabi.

"Wa ya kashe injin nan?"

"Ni ce. Na daɗe ba na cika shi."

"Yau za a cika shi. Baƙo zai buɗe famfo ya ga yana tsiyaya kamar hawaye?"

"Don Allah, Baban yara. To ka bari in ɗauke Inna daga wurin."

"Bar ta ta sha iskarta. Ke dai ki ji da kicin."

Ya kunna injin da hannunsa. A daidai lokacin aka ji ƙarar mota a ƙofar gida.

Ɗan kwangilar ya shigo yana duba bango, yana shafawa da tafin hannu, yana gyaɗa kai. Ƙyalli na biye da shi, baki har kunne. Suka zagaya falo, suka leƙa ɗakuna, suka fito tsakar gida. Injin yana ta gurnani, ruwa yana hawa.

Baƙon ya rusuna ya gaishe da Inna. Ta amsa da ƙarfi, don kunnenta ya yi nauyi kuma rediyon yana kusa da ita. Sannan ya dubi ƙarfen tankin ya ce, "Kai, har nan ka gyara? Lallai kai mutum ne mai tsafta."

Ƙyalli ya juya don ya nuna masa, sai idonsa ya sauka a gindin ƙafar nan. 

Sabon fentin ya yamutse, ya tattare kamar fatar tsoho, kuma wani siririn layi ya tsaga shi a kwance. Ta cikin layin jan ruwa yana tsattsafowa. Ƙyalli ya shekara da shekaru yana wannan sana'a, ya san fenti ba ya yin haka don kansa. Abin da ke ƙarƙashinsa ne yake motsi.

Kun san abin da ya fara yi? Matsawa ya yi, ya tsaya a gaban ƙafar don kada baƙon ya gani. Wallahi haka ya yi. Zuciyarsa tana ce masa, bari mutumin nan ya gama ya tafi, sai in kashe injin in ɗauke Inna, ba wanda zai sani.

Baƙon kuwa ba ya sauri. Ya ciro waya yana tambayar wane irin fenti ne wannan, nawa yake ɗauka kafin ya bushe. Ƙyalli yana amsawa, amma bai san abin da yake faɗa ba.  A saman kansa yana jin sautin ruwan yana canzawa, alamar tankin ya kusa cika.

Sai ƙarfen ya yi ƙara, ƙas! Wani ɓawon fenti ya faɗo a kan zanen Inna, ta sa hannu ta kaɗe shi ba tare da ta ɗaga kai ba.

Ƙyalli ya dubi baƙon, ya dubi mahaifiyarsa. Kunya ta fita daga kansa.

"Maman yara! Kashe injin! Yallaɓai, ja da baya, gudu!"

Matar ta fito da gudu ta yi wajen makunni. Shi kuma ya duƙa ya sa hannu ɗaya a bayan Inna, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinta. Zanenta ya maƙale a ƙusar kujera.

"Kai Auta, lafiyarka? Sauke ni! A gaban baƙo za ka ɗauke ni kamar jaririya?"

"Inna, yi haƙuri, riƙe wuyana!"

"Rediyona fa?"

Ƙafar ta fara lanƙwashewa, inuwar tankin ta karkato kansu. Ya fizgi zanen har ya yage, ya sungume ta ya yi tsalle zuwa bakin baranda. Bai kai ga sauke ta ba suka ji ƙasa ta girgiza.

Tankin ya faɗo daidai kan kujerar, ya fashe. Ruwa ya kwashe ƙafafun Ƙyalli, ya faɗi zaune da Inna a ƙirjinsa. Gefen rufin kicin ya rufto, tukwane suka yi ta birgima a tsakar gida.

 Matar tana tsaye jikin bango, hannu a ka, tana salati tana kuka. Ɗan kwangilar ya jiƙe sharkaf. Ya tabbatar kowa yana lafiya, ya yi musu jaje, ya fita. Bai sake maganar aiki ba, Ƙyalli ma bai tambaya ba.

Ƙyalli ya zaunar da Inna a baranda, yana duba hannunta da ƙafarta. Ko ƙwarzane ba ta yi ba. Can inda take zaune ɗazu, kujerar ta zama itacen wuta, rediyon ya baje.

Ruwan ya turo guntun ƙafar da ta karye har gabansu. Inna ta ce a miƙo mata. Ta jujjuya shi a hannunta. Cikinsa duk ya ruɓe, tana taɓawa yana zuba kamar gari, amma bayansa shuɗi ne, sumul, yana sheƙi.

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta dubi ɗanta.

"Auta, ka iya aikinka. Kullum a nan nake zama, ban taɓa ganin tsatsa ba."

Ƙyalli ya kifa kansa a kan gwiwoyinta, ya fashe da kuka.

Darasi: Abin da ya lalace a gida gyara yake so, ba rufewa ba. Ɗigon bututu, tsatsar ƙarfe, tsagewar bango, wayar wuta da ke zafi, a kira mai sana'ar ya duba tun abin yana ƙarami. A ware wani abu duk wata don gyaran gida, kada a taɓa shi don burge baƙo. Kuma idan wanda yake wuni a gidan ya ce wani abu bai yi masa ba, a saurare shi. Ku tura wa duk mai gidan da kuka sani, wataƙila akwai wanda yake zaune a ƙarƙashin nasa tankin yanzu haka.