Ranar da Hajiya Saude Ba Ta Buɗe Taga Ba

An ce wai a birnin Kano an yi wata dattijuwa ana kiranta Hajiya Saude, ungozoma ce ta asibiti, wadda hannunta ya karɓi jariran da ita kanta ba ta san adadinsu ba. Mace ce mai ji da kanta, ba ta roƙo, kuma in ta yanke magana ta yanku. Da ta ajiye aiki, mijinta kuwa ya riga mu gidan gaskiya, sai ɗanta na fari, Injiniya Nafi'u, wanda ke aiki a Abuja, ya gina mata tafkeken gida a wata sabuwar unguwa can bayan gari, ga doguwar katanga, ga ƙofar ƙarfe, ga ɗakuna har da waɗanda ba a taɓa kwana a ciki ba. Ta yi godiya, ta sa albarka, ta tare. Amma fa shirun gidan nan ya ishe ta. Sai ta wuni cur ba ta ji sallamar kowa ba, sai kukan firij.

Ana haka ta ji labarin wani tsohon bene a Fagge, irin wanda kwarori, 'yan kasuwar Lebanon, suka gina tun zamanin dalar gyaɗa, ana sayar da shi sashe-sashe. Ta je ta gani. Ciki da falo ne a hawa na biyu, da ɗan kicin wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita, matattakalarsa kuma duk ta zaizaye. Amma tana tura tagar falon sai duniya ta shigo mata: masu adaidaita suna ta oda, keken tela yana ta sukuwa, ga ƙamshin ƙosai yana tasowa daga gindin benen. Nan take ta ce wa dillali ta saya. Ta biya da kuɗin sallamarta na aiki, guminta halak malak, ta kwashe kayanta kafin azumi.

Tun daga nan ta tsiri wata al'ada. Kullum gari ya waye sai ta buɗe taga, ta zuro kwando da igiya, Lantana mai ƙosai ta zuba mata, a gaisa, a taɓa tsokana, Sale tela na shagon ƙasa ya sa baki. Mai goyon da ɗanta ya kwana da zafin jiki ta ɗago kai ta tambayi Hajiya abin yi.

Da Injiniya ya zo babbar salla ya ga inda uwarsa take, ransa ya yi mummunan ɓaci. Kuma kada a zalunce shi, son ta yake yi, sai dai kunya ce ta cinye shi, kada a ce yana da hali ya bar mahaifiyarsa a akurki. Ba a kai uwa ƙara, don haka ya kai dillalin gaban Alƙali Malam Haladu, ya ce an yaudari tsohuwar da tsufa ya fara taɓa hankalinta, a warware cinikin.

Kai! Wannan kalma ta soki Hajiya. Ta san in aka warware cinikin, to kotu ta shaida ba ta da cikakken hankali ke nan, kuma gidan shirun nan za a mai da ita. Ta miƙe a gaban alƙali, da yake ba a kiran sunan ɗan fari, sai ta nuna shi da haɓa ta ce, "Allah ya gafarta Malam, yaron nan da hankalina na haife shi, da hankalina na yi masa tarbiyya har ya zama abin da ya zama. Yau kuma hankalin ne ya tsere don na sayi inda zan zauna?"

Injiniya ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a dubi gidan da ta bari, a dubi wanda ta saya. Wane mai lissafi ne zai yi wannan musaya?"

Malam Haladu ya auna maganar. In ya bi ɗan, ya tozarta uwa. In ya kori ƙarar haka kawai, ɗan zai tafi da zargi a zuciya, tsakaninsu kuma ya yi tsami. Sai ya ce, "Ba na yanke wa gida daraja ban auna shi ba. Gobe zan auna duka biyun." Ya sallami jama'a, ya tsai da uwa da ɗa, ya ce, "Kai Injiniya, ka bar motarka, ka shiga wurin mahaifiyarka ba tare da an lura ba, ka kwana a falonta. Ke kuma Hajiya, gobe kada ki buɗe taga, kada ki zuro kwando, ku kashe waya, kowa ya kira kada ku amsa."

Gari ya waye, taga a rufe. Hajiya tana zaune a kan darduma tana jan carbi. Ta gane abin da alƙali yake aunawa, kuma tsoro ya kama ta ƙwarai. In fa gaisuwar nan duk ta ciniki ce? In fa babu wanda ya zo?

Rana ta ɗan ɗaga, sai ga muryar Lantana daga ƙasa: "Hajiya! Yau azumi ake ne ba a gaya mana ba?" Shiru. Can kuma, murya ta sauya: "Hajiya Saude! Ke Hajiya!" Aka jefo tsakuwa a jikin taga. Sai ga takun ƙafafu a matattakala, ana buga ƙofa, ana sallama, wata tana salati, wani yana cewa a tsai da adaidaita ko za a kai ta asibiti. Injiniya ya yunƙura zai buɗe, Hajiya ta riƙe masa riga. Hantsi bai gama dubawa ba Sale tela ya sa kafaɗa ya ɓalle ƙofar, jama'a suka afko. Lantana ce a gaba, matsamin ƙosai a hannu, hawaye shaɓe-shaɓe, ta bar kaskonta a kan wuta. Da ta ga Hajiya zaune garau sai ta dafe ƙirji ta ce, "Haba Hajiya! Wannan wane irin wasa ne? Wallahi kin kusa kashe ni!"

Hajiya ta juya ta dubi ɗanta, kanta a sama, fuskarta cike da alfahari.

Da aka koma kotu, Injiniya da bakinsa ya faɗi abin da ya gani. Alƙali ya kira masinjan da ya aika sabuwar unguwa da safen nan ya tambayi maƙwabta lafiyar Hajiya. Masinja ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na dama ya ce wace Hajiya. Na hagu kuwa ya ce tana ciki lafiya lau, ba ta cika fitowa ba ne, jiya ma kamar ya ji motsinta."

Matar da ta bar gida tun kafin azumi, ga shi har an ci naman layya!

Malam Haladu ya ce, "Injiniya, ka gina wa mahaifiyarka gida, Allah ya saka maka, amma gida ne da za ta iya rasuwa a ciki maƙwabci yana jin motsinta. Ita kuwa ta sayi inda ba za a bar ta ta makara ba. Kai ka auna bulo da siminti, ita ta auna mutane, kuma ban ga mai lissafin da ya fi ta a ɗakin nan ba. Ciniki ya tabbata, hankalin Hajiya cikakke ne, dillali ba shi da laifi. Saura ƙofar da aka ɓalle. Kai za ka gyara ta, tunda kai ka jawo. Amma ka ji sharaɗina: kada ka sa ta ƙarfe. Ka sa wadda kafaɗar tela za ta iya."

Injiniya ya durƙusa gaban uwarsa ya ce, "Hajiya, ki yafe mini kalmar da na faɗa." Ta ce, "Na yafe duniya da lahira. Tashi ka je ka biya Lantana ƙosanta da ya ƙone."

Washegari taga ta buɗe, kwando ya sauko.

Shi ya sa duk mai neman gidan saye, kafin ya tambayi faɗin ɗakuna, ya fara tambayar kansa wa zai ɓalle masa ƙofa ranar da tagarsa ba ta buɗe ba.