Akuya da Manhajoji Biyu

Ga ta nan tafe gare ku!
Ta iso, muna saurare.

Akuya ta adana hotunan 'ya'yanta da aka sayar a cikin kwamfutarta. Zakara ya leƙa ya ce, "Iya, manhajar da ke tuƙa kwamfutar nan ta ƙauyawa ce. Wayayyu Tauraro muke amfani da ita." Ya goge, ya sa tasa.

Biri ya kama baki. "Tauraro? Ai Guguwa ce ta masana!" Ya goge, ya sa tasa.

Akuya ta kunna kwamfutar, babu hoto ko ɗaya. "Ina 'ya'yana?"

Zakara ya ce, "Tambayi Guguwa."

Biri ya ce, "Tauraro ta cinye su."

Suka kaure da faɗa. Akuya ta dubi wannan, ta dubi wancan: "Me? Me?" Har yau tambayar take yi.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu.