Zumuɗin Haliru da Gonar Maiwa

A garin Galadi an yi wani manomi mai suna Haliru. Ba rago ba ne, amma zumuɗi ya yi masa yawa. Abu kaɗan ke ɗaga shi. Da ya gani ko ya ji, sai jikinsa ya hau rawa, ya aikata kafin ya yi tunani. Ba kuma abin da ke tayar masa da wannan hali kamar ya ji an yabi Na'ibi, ɗan ƙanen babansa, wanda gonakinsu ke iyaka ɗaya.

Wata damina Na'ibi ya shuka gero mai saurin nuna. Haliru kuwa maiwa ya shuka, wadda takan daɗe kafin ta ƙosa. Ranar da Na'ibi ya shigo gari da amalanke shaƙe da dammuna, mutanen da ke ƙofar masallaci suka yi ta cewa, "Kai, bana Na'ibi ya riga kowa!"

Maganar nan ta soki Haliru. Ko furar da matarsa Hamida ta dama bai iya sha ba. Washegari ya saɓi magirbi, ya ci karo da kawunsa Malam Mudi a hanya.

"Ina zuwa da magirbi, Haliru?"

"Gona, Kawu. Ni ma a ga nawa."

"Haba! Maiwarka ko ido ba ta gama cikawa ba. Wannan ba himma ba ce, zumuɗi ne. Mai himma aikinsa yake dubawa, kai kuwa gonar wani kake kallo."

"Shi Na'ibi ai ba wanda ya hana shi," in ji Haliru, ya wuce.

Cikin kwana uku ya girbe gonar kaf, ya biyo da dammunansa ta ƙofar masallaci. Ba wanda ya tanka. Bayan mako biyu Hamida ta buɗe rumbu, wari ya buge ta. Zangarniyar duk ta yi funfuna. Ta sussuka ɗan abin da ya tsira, ƙaiƙayi ya fi tsaba yawa. Waɗanda suka bar tasu maiwar ta ƙosa kuwa, a shekarar har rumbu suka ƙara.

Ana nan sai ga Na'ibi da dami goma. "Yaya, ga wannan yara su ci tuwo." Haliru ya karɓa kansa a sunkuye.

Darasin da ke nan shi ne, zumuɗi kaɗai yakan sa mutum tuntuɓe, in ya haɗu da hassada kuwa, mai shi da hannunsa yake rusa abin da ya gina. Kowane amfani da lokacin nunarsa. In ɗan'uwanka ya riga ka, taya shi murna, ka jira naka.