Hatimin Ƙarya a Kan Jan Ƙarfe

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan Birmingham, ba zan kama sunansa ba. Daga gida Najeriya ya zo karatu Manchester, ya ƙware a ilimin ƙarafa. Allah ya ba shi aiki a wani kamfanin tace jan ƙarfe, ya kama gida a unguwar Small Heath, ya ɗauko iyalinsa.

Kun san yadda ake wannan tacewar? Narka ƙarfen ake yi a wuta, a kwashe dattin da ya taso sama. Sai a zuba shi falle-falle, a tsoma cikin ruwan asid, a sakar masa lantarki. Tsantsar ƙarfen ya bar fallensa ya manne a wani fallen, dattin ya zauna a ƙasa. Wanda ya fi tsabta, wato mai lamba ɗaya, shi ake ja a yi wayar wuta. Wanda bai kai ba, a yi wasu kayan da shi.

Aikin mutumin nan shi ne ya gwada, ya buga hatimi. Amana ke nan.

Wata rana odar wasu masu saye ta makara, ƙarfen da ya fito kuma bai kai ba. Ga shi ana maganar ƙara masa girma, ba ya son a ce a hannunsa aiki ya tsaya. Abokin aikinsa Ebenezer ya ce masa, "Malam, a mayar da shi wuta. Waya za a yi da shi fa."

Ya ce, "Wa zai gani? Ja dai ja ne." Ya buga lamba ɗaya.

Da ya ga shiru, sai ya maimaita. Har ya saba.

Amma gurɓataccen ƙarfe ba ya barin wutar lantarki ta wuce salin-alin, zafi yake ɗauka. Wayar ta je wani gidan renon yara a Manchester. Ran nan da hantsi, wata mai reno, Tabitha, ta ji ƙauri daga bango. Ba ta tsaya tambaya ba. Ta saɓi yara biyu, ta kora sauran waje. Suna fita rufin ya kama da wuta.

Ko yaro ɗaya bai ƙone ba. Ku ce alhamdu lillahi!

Masu bincike suka bi wayar har kan hatiminsa. Aiki ya tafi, takardar izinin zama ta tafi. A kotu iyayen yaran suka zauna suna kallonsa, ya kasa ɗaga kai. Yau yana kurkuku, matarsa ta kwashe 'ya'yansu ta koma gida.

Ya 'yan uwa, ku dubi fitilun masallacin nan. Wa ya san wanda ya gwada wayarsu? Ba mu san shi ba, amma ya riƙe amana, shi ya sa muke zaune lafiya. Mun taɓa gode wa Allah da ya ba mu irinsa? Kowannenmu akwai hatimi a hannunsa, kuma akwai 'ya'yan wani a ƙarƙashin aikinsa.

Allah mun gode da ka tsare yaran nan. Allah ya kiyaye mu da algus, ya tsarkake abin da hannuwanmu ke fitarwa. Amin.