Ranar da Agwagwa Ta Daina Tsugunne

Akwai wani direban a-kori-kura da kowa ke kira Auta. Jama'a, na daɗe ina son kawo muku labarinsa a shafin nan, amma duk sanda na fara rubutawa sai raina ya ɓaci in ajiye. Yau dai na daure.

Motar da Auta ke ja ba tasa ba ce. Ta yayansa ce, wanda ya rasu ya bar mata da ƙananan yara. Bai bar musu gida ba, bai bar gona ba, motar nan ce kaɗai. Da ita ake ci, da ita ake biyan haya da kuɗin makaranta. Kullum da yamma Auta zai kawo abin da ya samu, ya miƙa wa matar yayansa makulli, ta rataye shi a wata ƙusa da ke bayan ƙofarta, inda marigayin ya saba ratayewa.

Motar ta ga jiya. Sifirin ɗinta na baya, wato fallayen ƙarfen nan da ke ɗauke da bodi, duk sun saki. Da an ɗora mata kaya sai ta tsuguna, hanci sama, baya ƙasa, tana tafe tana rangaji. Shi ya sa direbobin da ke jiran lodi a gaban shagunan kayan gini suka laƙaba mata suna Agwagwa.

Marigayin yana da wata ɗabi'a da ya koya wa ƙaninsa tun ranar da ya fara ba shi sitiyari. In an gama lodi, kafin ya tayar da mota, sai ya durƙusa ya zura yatsunsa huɗu tsakanin tayar baya da bakin bodi. In sun shiga, a tafi. In ba su shiga ba, ko kayan waye sai an rage. Saboda haka kullum yakan koma gida da baƙin taya a yatsunsa, matarsa tana zuba masa ruwa tana mita wai sabulunta duk a hannunsa yake ƙarewa.

Auta ya riƙe wannan ɗabi'a bayan rasuwar yayansa. Sai dai shi yaro ne mai zuciya a kusa, ba ya jure tsokana, abokan aikinsa kuwa sun gane haka.

“Auta, Agwagwa ta yi ƙwai kuwa yau? Na ga tun safe take zaune.”

Sai a fashe da dariya. Shi kuwa ya sha mur, ya juya musu ƙeya.

Abin da ya fi yi masa ciwo ba tsokanar ba ce. Wata rana wani ɗan kwangila ya zo neman motar da za ta kai masa siminti. Ya zagaya Agwagwa, ya leƙa ƙarƙashinta, ya taɓe baki ya ce, “Wannan ai sai ta yi sawu biyu.” Ya wuce ya ɗauki motar da ke bayanta. Auta yana ji yana gani aka yi lodi aka tafi.

Da ya koma gida ya ce wa matar yayansa motar tana bukatar gyaran ƙafa. Ba ta yi musu ba. Ta shiga ɗaki ta fito da abin da ta ɗan tara, ta ce, “Ƙanin miji, iyakarsa kenan. Ka kai wa Baba, shi ya san ciwon motar nan tun yayanka na da rai.”

Baba tsohon makanike ne, garejinsa rumfar kwano ce da rami ɗaya. Ya shiga ƙarƙashin motar, ya ƙwanƙwasa nan, ya girgiza can, sannan ya fito yana goge hannu da tsumma.

“Abu ne mai sauƙi,” in ji Baba. “Shoka biyun nan masu hana ta tsalle sun mutu, a sa wasu. Robobin duk sun cinye, a canza. Sifirin kuma a nemo daidai irin nata, ko na hannu ne in dai lafiyayye ne. Abin da ke aljihunka zai isa, in an lallaba.”

“Daga nan za ta daina tsugunne?”

“Za ta daina rangaji, za ta daina karya maka baya. Amma abin da take ɗauka jiya, shi za ta ɗauka gobe.”

“To me na yi kenan, Baba? In zuba kuɗin marayu don ta ci gaba da zama Agwagwa? Ni so nake a ƙara mata fallaye masu kauri, ta miƙe tsaye kamar sauran motoci.”

Baba ya dube shi. “Ɗana, sifirin ba shi kaɗai ke ɗaukar kaya ba. Akwai birki. Akwai dogayen ƙarafan nan biyu da komai ke zaune a kansu, su ne ƙashin bayan mota. Tsugunnen da kake jin haushi, da shi take gaya maka ta gaji. In ka rufe mata baki, wa zai gaya maka?”

Auta ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya ce, “Ku tsofaffi komai tsoro.” Ya ja motarsa ya fita ko sallama babu.

Bai zame ko'ina ba sai wajen Mai-gwangwan, wanda ke sayen matattun motoci yana sayar da sassansu. Mutumin nan bakinsa zuma. Ya janyo wasu fallayen sifirin masu shuɗin fenti, waɗanda aka ciro daga wata babbar mota, kowane falle ya yi kaurin biyun na Agwagwa.

“Ka sa mata waɗannan, ko dutse ka ɗora ba za ta san an yi ba,” in ji shi. “Kuma ba zan tsauwala maka ba.”

Mai walda na gefe ya yanke su, ya huda, aka cusa su cikin tsofaffin, aka ɗaure tamau. Matattun shoka kuwa aka bar su yadda suke. Da aka sauke jak, sai ga Agwagwa tsaye ƙiƙam, bayanta har ya ɗara gabanta tsawo.

Abin da ke ba ni tausayi shi ne, har da canji Auta ya koma gida. Ya miƙa wa matar yayansa yana washe baki. Baiwar Allah ta yi ta sa masa albarka, tana cewa Allah ya saka wa Baba da alheri. Shi kuwa bai ce mata ba wajen Baba aka yi aikin ba.

Ranar da ya koma bakin shaguna, masu tsokana bakinsu ya mutu. Aka loda mata siminti fiye da abin da ta taɓa ɗauka, ko gezau ba ta yi ba. Auta ya durƙusa kamar yadda ya saba, ya zura yatsu huɗu. Me zai gani? Hannunsa gaba ɗaya ya shige har wuyan hannu, ko taɓa tayar bai yi ba.

“Ku ƙara!” ya ce wa masu lodi. “Yayana ya ce in yatsu huɗu sun shiga a tafi. To ga hannu duka ya shiga.”

Kun ji inda abin ya lalace. Bai bar ɗabi'ar yayansa ba, kullum sai ya durƙusa ya auna. Ma'aunin ne ya lalata da hannunsa, ya kuma ci gaba da yarda da shi.

Gaskiya an samu kuɗi a 'yan watannin nan, ba zan ɓoye muku ba. 'Yan kwangila suka dawo suna layi. Ya saya wa yaran takalma, ya gyara ƙofar banɗakin da ta daɗe a karye. Ba mugun mutum ba ne Auta, yana son 'ya'yan ɗan'uwansa har cikin ransa. Amma kansa ya kumbura, ba ya jin maganar kowa.

Motar kuwa ta fara kuka ta wasu wurare. In babu kaya sai ta riƙa tsalle kamar akuya, haƙoran mutum na haɗuwa. In da kaya, a gangara sai birki ya riƙa ƙauri. Ƙofar direba ta daina rufuwa sai an ɗaga ta an buga.

Wata yamma matar yayansa tana zuba masa ruwa zai ci abinci, sai ta tsaya da butar a hannu.

“Ƙanin miji, kwanan nan hannunka fes yake dawowa. Ka daina aunawa ne?”

“Ina aunawa mana. Motar ce ta zama jaruma.”

“Yayanka kullum da baƙin yatsu yake dawowa, ko lokacin da motar take da sauran ƙarfinta. Ni dai hankalina bai kwanta ba.”

Ya yi dariya. “Matar Yaya, ke da tukunya, ina ke ina zancen mota? Ki dai ci gaba da karɓar kuɗi.”

Maganar ta yi mata zafi, amma ta haɗiye. Ta ce, “Allah ya tsare,” ta tura masa kwano.

Baba ma ya taɓa tare shi a gidan mai. Tsohon bai riƙe rashin kunyar da aka yi masa ba. Ya kama hannun Auta ya kai shi gefen motar, ya nuna masa tsakanin kan mota da bodi.

“Dubi nan. Da can yatsa ɗaya ne tsakaninsu daga sama har ƙasa. Yanzu sama ta matse, ƙasa ta buɗe baki. Ƙashin bayanta ya fara lanƙwasa, Auta. Ka kawo ta gobe in cire fallayen nan, ba sai ka ba ni ko sisi ba. Don yayanka zan yi.”

“Na ji, Baba. Sai na samu sarari.”

Bai samu sararin ba. Ko in ce bai nema ba.

Ranar da abin zai faru, da hantsi ne, rana tar, babu ruwa babu komai. Ɗan kwangilar nan da ya taɓa raina Agwagwa shi ne ya zo da aikin tayil, lodin da ya kamata a raba biyu. Ya ce, “In ba za ta iya sawu ɗaya ba, ka faɗa min in nemi wata.”

Duk direbobi suka zuba wa Auta ido. Tayil kuwa kun sani, ba shi da girma a ido, amma nauyinsa ba a magana. Aka yi ta jera kwalaye. Ɗaya daga cikin masu tsokanarsa ma sai da ya ce, “Auta, wasa a gefe, kayan nan sun yi yawa.”

Auta ya durƙusa, ya zura hannu, ya ɗago shi sama yana nuna wa kowa. Fari tas.

Hanyar wurin ginin tana da doguwar gangara, a ƙarshenta akwai wani kwalbati da bakinsa ya ɗago. Tun daga tsakiyar gangarar ya ji birki ya yi laushi. Ya taka, ya sake takawa, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Nauyin da ke bayansa yana ta ingiza shi. Salati kawai yake yi, ya ƙanƙame sitiyari.

Tayoyin gaba suka haye kwalbatin. Da na baya suka daka shi, sifirin ɗin nan masu kauri ba su lanƙwasa ko kaɗan ba, duk dukan ya tafi kan ƙashin bayan motar. Aka ji ƙara ƙas! Motar ta karye a tsakiya, daidai inda Baba ya nuna, cikinta ya dafe ƙasa ta ja ta tsaya.

Allah ya yi da sauran kwanansa. Goshinsa ne kawai ya fashe. Ya fito ta taga, ya zauna a bakin hanya cikin fasassun tayil, yana kallon abincin marayu a karye gida biyu. Mutane na ta yi masa barka, shi kuwa ko jinsu ba ya yi.

Baba ya zo da kansa. Ya duba motar ciki da waje. Bai ce “na gaya maka” ba. Cewa ya yi, “Wannan ba ta gyaruwa, ɗana. Ko an yi walda, ba zan bari ɗan mutum ya sake shiga cikinta ba.” Idon tsohon ya kawo ruwa, don shi ya raka marigayin sayen motar.

Mai-gwangwan ne ya saye ta a matsayin ƙarfe, abin da ya bayar kuma mai tayil ya kwashe. A gaban Auta, Mai-gwangwan ya sa aka kwance fallayen nan masu shuɗin fenti. Ya ƙwanƙwasa su, ya gyaɗa kai ya ce, “Ka gani ko? Kayana ba sa ƙarya. Ko ƙwarzane ba su yi ba.” Ya jingine su a inda suke da, suna jiran wani.

Da yamma Auta ya shiga gida a ƙafa. Labari ya riga shi. Yaran suna zaune jugum a tsakar gida, babu mai wasa. Matar yayansa ta fito da buta kamar kullum, idanunta sun kumbura. Ta dubi goshinsa ta ce, “Alhamdu lillahi da ka tsira.” Sannan ta yi tambaya ɗaya.

“Ka auna kuwa?”

Ya durƙusa a gabanta. “Wallahi na auna, matar Yaya. Hannuna duka ya shiga.”

“Na sani,” ta ce. “Tun ranar da ka fara dawowa da farin hannu na san motar ta daina gaya maka gaskiya. Na yi magana, ka ce in koma wajen tukunya.”

Ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Hannu kawai ta miƙa. Ya laluba aljihu ya ciro makullin, abin da ya rage kenan daga motar. Ta karɓa ta shiga ɗaki, ta rataye shi a ƙusar nan ta bayan ƙofa.

Yanzu Auta dako yake yi a gaban shagunan da ya saba jiran lodi, yana ɗora siminti a motocin wasu. Ita kuma wankau take yi wa maƙwabta, sun koma ɗaki ɗaya ita da yaran. Da za su tashi daga tsohon gidan, sai da ta zare ƙusar ta tafi da ita.

Darasi: Duk abin da ke nuna maka iyakarka, ko ciwon jiki ne, ko nasihar babba, ko damuwar wanda ke ƙaunarka, kada ka toshe masa baki don mutane su daina yi maka dariya. Arhar da za ta ɓoye maka matsala ba gyara ba ce, kuma in amanar wasu ce a hannunka, su za su ɗanɗana kuɗar girman kanka. Ku tura wa direbobi da masu mota da kuka sani, wataƙila akwai wanda gobe zai je sayen shuɗayen fallayen nan.