Shaidar Mai Walda

An yi wani mutum mai walda, yana da shago a bakin titi shi da ƙaninsa. Ƙofofi da tagogin ƙarfe suke yi. Yayan ke awo da yanka, ƙanin ke riƙe wuta, don ya fi shi hannu. Su biyun kuma mashaya ne. In sun rufe shago da yamma, ba gida suke nufa ba.

Wata rana Ubangiji ya ji tausayin yayan. Ya tuba, aka yi masa baftisma, ya bar giya bari na gaske. Ban rage masa komai a nan ba, ya 'yan'uwa. Alheri ne ya iske shi inda yake, ba wayonsa ba.

Ranar da ya fara ba da shaida a majami'a bai yi minti biyu ba. Ya ce, "Ni dai ban cancanta ba," sai kuka ya ci ƙarfinsa, ya zauna. Da a nan ya tsaya, da ya tsira.

Amma mun tafa masa. Zumuntar mata ta gayyace shi, matasa suka gayyace shi, ikilisiyoyin maƙwabta suka riƙa aiko mota. Ya ɗinka kwat. Minti biyu ya zama arba'in. Ya san inda zai yi shiru mata su ce wayyo, ya san inda zai ɗaga murya a ce Halleluya. Kwalba ukun da yake sha a da ta koma goma a bakinsa.

Sai dai tsohon zunubi yana gundurar mai saurare. Wanda ya ji labarin sau biyar, sai ka ga yana duba agogo. Mai walda ya lura da haka, ya shiga neman abin ƙari, bai kuwa je da nisa ba. Ya fara cewa, "Ina da ƙani." Ya ba da labarin ranar da aka tsamo ƙanin daga kwata, da ranar da ya jiƙa wandonsa a ƙofar ɗakin mahaifiyarsu. Yakan rufe da, "Ku sa shi a addu'a." Ku gaya mini, wannan addu'a ce, ko gulma ce ta sa kayan Lahadi?

Masu kawo aiki suka kai wa ƙanin labari. Wata safiya ya ajiye gilashin walda ya ce, "Yaya, don Allah ka cire ni daga bakinka."

Yayan ya ce, "Ai don ɗaukakar Allah ne. In ba ka so a faɗa, ka daina."

Ashe ƙanin ya ma daina. Mako biyar bai kurɓa ba. Hannunsa na karkarwa a kan ƙarfe, zufa na zuba, yana cije baki. Yayan bai gani ba, yana can yawon taro. Mahaifiyarsu ce ta gani. Ita ta lallaɓa shi ya yarda zai bi ta sujada, da sharaɗi ɗaya: "Mama, a baya zan zauna, kada kowa ya kula ni."

Ran nan kuwa yayan ne a kan mumbari. Yana tsakiyar magana ya hango ƙanin a bencin ƙarshe, da farar riga mai karin guga, kansa a sunkuye. Zuciyarsa ta ce masa ya tsallake labarin ƙanin yau, ya sauko bayan sujada ya rungume shi. Ya ji ta sarai. Amma ya dubi majami'a cike, ya ga shaidar da ba a taɓa yin irinta ba: ga labari, ga mai labarin a zaune.

Ya faɗi na kwata. Ya faɗi na wando. Sannan ya miƙa yatsa ya ce, "Ga shi can! Allah ya kawo shi! Taso gaba!"

Kowa ya waiga. Har da tafi. Ƙanin ya miƙe, ya dubi mahaifiyarsa, ya fita. Bai sake taka ƙofar majami'a ba, bai sake taka shago ba. Ya koma wa kwalba da fushi, ya sha kamar mai ramuwa. Shekara ba ta zagayo ba hanta ta kumbura, aka binne shi.

Kuna tsammani mai walda ya yi shiru? Ya yi kuka, kuka na gaske. Amma a wajen gaisuwa wani dattijon ikilisiya ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Wannan zai taɓa zukata da yawa." Bayan wata guda ya sake hawa mumbari. Ya ce, "Ina da ƙani wanda ya ƙi kiran Allah."

Sai mahaifiyarsu ta miƙe daga cikin mata. Tsohuwa ce da ba a taɓa jin muryarta a sujada ba sai a waƙa. Ta ce, "Sauko. Ɗana bai ƙi kiran Allah ba, ya zo da ƙafarsa, kai ka kore shi. Tunda shaida kake bayarwa, gaya musu wa ya fara miƙa masa kofin giya yana ɗan shekara goma sha biyar. Wannan ban taɓa ji ka faɗa ba."

Masu tsaron ƙofa suka nufo ta. Ta ce, "Kada wanda ya taɓa ni. Na binne ɗaya, ba zan zauna a ci namansa a gabana ba."

Mai walda ya sauko. Daga ranar motoci suka daina zuwa. Waɗanda suka tafa masa su ne suka fara kau da kai a titi. Shago ya mutu, don mai hannun ba ya nan. Yanzu yana zaune a ƙofarsa tsakanin ƙarafa masu tsatsa, ko addu'ar cin abinci aka ce ya yi, sai ya girgiza kai.

Ya 'yan'uwa, an ce kada in taɓo wannan magana, wai za ta ɓata sunan ikilisiya. Na taɓo, wanda zai yi fushi ya yi. Wa ya koya wa mai walda cewa alheri abin ado ne? Mu ne. Mun fi son tuba mai daɗin ji da tuba mai rawar hannu a bencin baya. Wanda aka tsamo daga rami ba shi da ikon tsayawa a bakinsa yana nuna na ciki da yatsa. Shaidarka zunubinka ne da jinƙan Yesu. Zunubin ɗan'uwanka ba naka ba ne da za ka kai mumbari.

Kada ku tsaya a ƙofa yau kuna tambayar wane ne mutumin. Ba zan faɗa ba. In kun san inda yake, ku je ku zauna kusa da shi, ku yi shiru, domin alherin da ya hana ƙaninsa shi ma yana bukatarsa.

Allah ya kiyaye mu daga tafin da ke kashe rai, ya kiyaye 'yan'uwanmu daga bakinmu. Amin.